Kwalbar da Ba a Rubuta wa Shampen Ba

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau mai zaman ɗaka ce da labarin ƙasar Sin. Sana'ata zoɓo da kunun aya na gidan biki, ko Kaduna ban cika zuwa ba. To amaren yanzu sun ce sai kwalbar nan mai fashewa tana kumfa. Aminiyata za ta aurar da 'yarta, ta damƙa min amanar abin sha, da sharaɗi ɗaya: ko ɗigon giya kada ya shiga gidanta. Da ƙanina zai tafi saro kaya Guangzhou, na ce ƙafata ƙafarka.

Mun tashi da asuba daga Kano, muka sauya jirgi a Addis. Kafin mu sauka a filin jirgin Baiyun ƙafafuna sun kumbura kamar alkubus. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu unguwar Xiaobei, ina fitowa na ji wani yana faɗa a waya da Hausa kan kwantenarsa, na ce ashe kasuwar Kwari aka ɗauko aka dasa. Muka ci taliyar da ake ja da hannu a gidan abincin Musulmi. Arha gare ta, amma da tsinke biyu aka haɗo ni. Na roƙi cokali, ban ji kunya ba.

Washegari muka nufi kasuwar sari ta Liwan, shagon wata mata, kwalaben Faransa har rufi. Ilimin da na zo da shi daga gida guda ne, kuma da shi duk masu sana'ar biki na unguwarmu ke aiki: wadda aka rubuta wa shampen giya ce, wadda ba a rubuta wa ba lemo ce. Na zaɓi wata mai kan zinare, na ce a ɗaure. Sai ga wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya zo neman kofunan gilashi, ya ji Hausarmu ya matso.

"Hajiya, wa za a shayar?"

"Gidan biki ne, Alhaji."

Ya juya kwalbar ya karanta Faransancin, ya yi salati. "Wannan giya ce tsagwaronta."

"Ai babu shampen a jiki!"

"Furar Maraɗi da ta Kano suna ya bambanta, Hajiya, amma duk gero ne."

Na tuna fuskar aminiyata. Ƙanina ya ce mu haƙura mu koma wa zoɓo. Na ja kujera na zauna, na ce ban kumbura ƙafa a banza ba, sai na gane.

Mai shagon ta shimfiɗa taswira, tana Turanci, ƙanina yana juya min, Alhaji yana gyara sunaye. Ashe Shampen sunan yanki ne a arewacin Faransa, mai sanyi da ƙasa fara kamar alli, giyarsu mai tsami. Su kaɗai aka yarje wa sunan. Sauran yankuna masu irin wannan aiki kireman suke rubutawa. Ta Alzas, kusa da Jamus, ƙamshin 'ya'yan itace gare ta. Ta Burgon ta fi nauyi a baki. Ga ta Luwar, ga ta Limu can kudu. Wadda ta fi ba ni tsoro ta wani gari ce Di, an ce zaƙi gare ta, mai sha sai ya rantse lemo ne. Ni ba na karatun boko sosai, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Na maimaita sunayen kamar hadda har matar ta tafa min.

Ta tsiyaya wa wasu masu saye, na nemi izini na kai kunne, baki kam ban kai ba. Kumfar giyar ƙanana ce, tana raɗa ba ta ƙarewa. Lemon da aka ɗura wa iska kuwa kamar ruwa ya faɗa kaskon mai, sai ya mutu. Alhaji ya ce kada in dogara da kunne kaɗai, ya nuna min lambar ƙarfin giya da ke gindin takardar kwalba: in ba sifili ba ce, in ajiye.

Shago uku muka shiga ana ce mana "meyo", wato babu. A na huɗu muka sami ruwan inabi zalla mai kumfa wanda bai taɓa tsimuwa ba. Na duba sifilin kwali bayan kwali da yatsana kafin a kai wa masu jirgin kaya.

Mun dawo lafiya, aka yi biki, kwalabe suka fashe, aminiyata ta sha hankali kwance. Na koyi cewa rashin suna ba shaidar tsarki ba ne. Sati bai zagayo ba na leƙa wurin wata abokiyar sana'a, na ga kwali biyu na kwalabe, na sa 'yarta ta karanta min. Ta ce kireman. Ran nan ba mu rabu ba sai da aka fitar da su.

To ke da kika ɗaga kofi a bikin bara kina guɗa, wa ya karanta miki kwalbar?