Umrar da Muka Yi da Ciwon Ƙafar Yayana

Mun tashi da asuba daga gida, ni da yayana, ana sallame salla muka kama hanyar filin jirgin Kano. Yaya direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, kuma ya daɗe yana tanadin wannan umra. Ya kuma daɗe yana fama da wani ciwo da ke tasowa daga ƙugunsa ya gangara bayan cinyar hagu har zuwa babban yatsa. Mu a gida "sanyi" muke ce masa. A shafa man zafi, a ɗaure da rawani, a ci gaba da harka.

Zaman jirgi ne ya fara tono shi. Kujerar ta matse, Yaya kuma dogo ne. Kafin a sanar da mun kusa miƙati ya sauya zama ya fi a ƙirga. Muka yi niyya, muka ɗauki talbiyya, nasa Labbaika na fita da ɗan nishi. A Jidda layi ya ƙara masa, sannan motar Makka. Hanyar kam sumul take, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe dama da hagu. Duk da ciwon, sai da Yaya ya leƙa gaba ya ce wannan direban bai san wahala ba, ko ƙosai aka ɗora a sitiyari zai kai mu.

Mun sami Harami cikin aikin faɗaɗawa, ƙarafan ɗaga kaya sun kewaye shi ta sama, an kuma yi wata gada zagaye da Ka'aba don masu keken turawa. Da muka yi ido biyu da Ɗakin, Yaya ya fashe da kuka, ni ma ban tsira ba. Amma a zagaye na uku na ɗawafi sai na ji ya damƙi kafaɗata. Ya ce kamar wutar lantarki ce ta ja shi daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, yatsun kuma sun sage. Da ƙyar na fitar da shi daga cunkoson. Masu tura keke suka yo kanmu suna "Arabiyya, ya Hajj?" Ya kaɗa musu hannu. Shi da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa zai yi.

Na mayar da shi masauki, na koma na kammala tawa umrar, na yi aski. Shi kuwa ya kwana biyu cikin harami, ba riga, ba hula, ba turare, ga ranakunmu na tafiya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya daina barkwanci, mutumin da ba ya rabo da shi.

Muna da ɗan'uwa a can, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, haifaffen unguwar Nakkasa ta Makka, wanda ya koma unguwar Ka'akiyya da aka fara rushe gidajen kan dutse. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Ya zo mana da shinkafar buhari da gasasshiyar kaza, ya dubi Yaya a kwance ya ce, "Ya ahi, wannan ba bard ba ne, asab ne. Gobe mu je iyada, akwai daktur mai gyaran baya. Mafi mushkila." Wato ba sanyi ba ne, jijiya ce, mu je asibiti, ba matsala.

Ni da na ji gyaran baya sai na zaci maɗori ne irin na gida. Ashe asibiti ne ƙarami, fes, likitan kuma dattijo ne ɗan Misira, irin waɗanda ake kira kairofurakta. Magani da hannu suke yi a ƙashin baya, ba allura, ba fiɗa. Ɗan'uwanmu ne ya yi mana tafinta.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa bayan ba sai da ya gama tambayoyi. Fitsari na kuɓuce masa? Ƙafar na jan ƙasa idan yana tafiya? Ya taɓa faɗuwa? Sannan ya ɗauko wata 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar Yaya, ƙafar ta yi tsalle da kanta, saura kaɗan ta sami likitan. Yaya ya ce, "Wallahi ba ni na sa ta ba!" Karon farko ke nan da ya yi dariya tun zuwanmu. Likitan ya kwantar da shi ya ɗaga ƙafar a miƙe, ba ta yi nisa ba Yaya ya yi salati. Daga nan aka ɗauki hoton bayan.

Sai ya sauko da wani ƙashin baya na roba mai zaruruwa rawaya suna fitowa ta gefe. A nan na tara hankalina. Mu da Hausa komai jijiya ne: ta jini jijiya, ta agara jijiya. Ya ce waɗannan daban suke, saƙo suke ɗauka. Daga ƙwaƙwalwa laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, rassa suna fita ta tsakanin gaɓoɓi zuwa ko'ina a jiki. Wasu su kai umarni nama ya motsa, wasu su dawo da labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Tsallen da ƙafa ta yi ma, in ji shi, a laka aka yanke hukuncinsa tun kafin ƙwaƙwalwa ta sani. Mafi girma a cikin jijiyoyin daga ƙugu take tashi ta bi bayan cinya har ƙafa. Tsakanin gaɓoɓin kuwa akwai faifan guringuntsi kamar matashi. Dogon zama da jijjigar mota kan sa ya bultso ya takura jijiyar.

Na ce a tambayar mini shi, to me ya sa yatsa ke ciwo alhali matsalar na ƙugu? Ya ce ai ƙwaƙwalwa ta san wannan layin daga yatsa yake zuwa, don haka duk inda aka matse shi a hanya, sai ta ɗauka yatsan ne ke kuka. Na daɗe ina juya wannan maganar. Shekaru muna shafa man zafi a inda ba nan ne ba.

Aikin kansa bai daɗe ba. Ya sassauta naman bayan da hannu, ya juya Yaya kan gefe, ni kuma ina riƙe da zanin haramin kada a yi abin kunya. Ya danna sau ɗaya, muka ji ƙas! Na tambaya ko ƙashin ne ya koma gurbinsa. Ya ce a'a, irin ƙarar lanƙwasa yatsu ce kawai. Ya kuma faɗa mana gaskiya: shi sauƙi yake nema wa gaɓoɓi da naman da suka ɗaure, jijiya kuwa a hankali take hucewa, kuma ba kowa aikin ke yi wa ba. Idan ƙafar ta fara rasa ƙarfi, babban asibiti za mu nufa ba jira. Ya koya masa miƙe-miƙe, ya ce ɗawafi ya gwada a hankali, sa'ayi kuwa ya hau keke.

A mota Yaya ya ce, "Ni da nake tuƙa mutane, yau ni za a tura?"

Ɗan'uwanmu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, Yaya, yau kai ne fasinja."

Bayan zuwa na biyu wurin likitan ciwon ya lafa har yana iya tsayuwa salla. Da hantsi muka koma Harami. Ya yi zagaye bakwai da ƙafarsa, a hankali, ta can gefe inda ba matsi, hannunsa a kafaɗata. A Safa ya tsaya ya dubi keken na ɗan lokaci, sannan ya zauna. Ni na tura shi. Tun yana sunkuyar da kai har ya fara ba ni umarni: kauce hagu, bar wa tsohuwa hanya. Da muka zo koren fitilu inda maza ke sassarfa, ya buga hannun keken ya ce, "Taka mana, ƙane!" Na taka. A Marwa ta ƙarshe ya ɗaga hannu yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Wanzami ya aske shi tas, ya sa rigarsa yana shafa ta kamar ta salla.

Mun sauka Kano lafiya da zamzam da dabino. Ƙafar ba ta warke sarai ba, yana zuwa asibiti ana duba shi. Ni dai na dawo da sanin cewa inda ke kuka a jiki ba lallai nan ne ciwon yake ba, kuma karɓar taimako ba ya rage ibada. Yaya ya koma tuƙi, sai dai yanzu yakan faka a hanya ya sauko ya zagaya motar yana miƙa. Abokan aikinsa kan rage gudu su tambaya ko mota ce ta lalace. Sai ya ce musu, "Motar lafiyarta ƙalau. Direban ake gyarawa."