Baturen da Ya Zo da Magagari

Tsoho Tokubei, mai ƙera kayan kiɗa a Yokohama, yana kallon Baturen da ya durƙusa a shagonsa. Dogo ne, gwiwoyinsa sun ƙi zaman tabarma, babban yatsansa na leƙowa ta hujin safa. Amma hannuwansa akwai ladabi, don ya rungumi shamisen, molon nan mai tsirkiya uku, kamar jariri. Tokubei yana ji a ransa wannan a gidan makaɗa ya tashi, kuma ya daɗe rabonsa da gida.

Baturen ya taɓa tsirkiyar farko, sai ta yi ziza kamar ƙudan zuma. Ya yamutsa fuska, ya zaro ɗan magagari daga aljihu.

"Malam, ta lalace," in ji shi da gurgun Japananci. "Bari in goge wurin."

Tokubei ya cafke hannunsa yana dariya. "Baƙo, rufa mini asiri. Shekara ashirin na yi ina koyon yadda ake saka lalacewar nan."

Baturen ya karkata kai, ya sake taɓawa, ya saurara har zizar ta mutu. Ya mayar da magagarin aljihu, ya kuma taɓawa.