Albasar Inayat Bibi

An haifi Miraj Din da tsaga a leɓensa na sama, kuma tun kafin cibiyarsa ta faɗi matan unguwarmu a Kamaliya sun gama shari'a: uwarsa, Inayat Bibi, ta yanka albasa lokacin husufin rana tana ɗauke da cikinsa. Ba wadda ta gan ta da wuƙar, amma kowacce ta tabbata. Baiwar Allah ta yi ta rantsuwa har ta koma ga Mahaliccinta, ana ci gaba da ja wa masu ciki kunne da sunanta.

Miraj ya tashi yana ƙera rariya a bakin kasuwa. Aji huɗu ya yi, kamar ni, amma duk wanda ya zauna shan shayi a rumfarsa sai ya sha karatun husufi. Ƙwan lantarki ne rana, lemon tsami ne wata, duniya kuwa sanƙon Fazal mai aski.

"Zauna daidai, Fazal, duniya ba ta soshe-soshe. To ga wata ya shiga tsakani, ga inuwarsa ta sauka bayan kunnenka. Mutanen wurin ne rana ta ɓace musu, na goshinka suna ta shanya. Inuwa ce fa kawai! Ka ji ta tsaga ka?"

"Ciniki dai ta tsaga min," in ji Fazal.

Sai a yi dariya, a ce masa da kyau, a koma gida a ɓoye wuƙaƙe.

'Yarsa Shagufta na da cikin fari aka sanar da husufi. Uwar mijinta, Masi Hajran, ta kulle wuƙa da almakashi har da allura a akwati. Shagufta ta sulale gidan ubanta.

"Abba, wasa min wuƙa."

Miraj ya ajiye rariyar da ke hannunsa. Likita ya taɓa gaya masa irin tsagar nan takan bi jini. In jaririn ya zo da ita, wa zai yarda ba albasa ba ce? Maimakon ya wanke uwarsa, ya ƙara mata 'yarsa a zagi.

"Ki bari dai, 'yata."

"Shekara talatin kana cika mana kunne da lemo. Ashe kai ma tsoro kake ji?"

Ya wasa mata wuƙar.

Ranar, Shagufta ta zauna a ƙofar gida da tiren albasa. Haske ya dusashe, tsuntsaye suka yi tsit, ita kuwa tana ta yanka. Miraj ya ɗaga rariya, kowace huda ta zana ɗan jinjirin rana a ƙasa, amma idonsa na kan wuƙar. Sai ga Masi Hajran a guje, ta kifa kwano a ka, wai kada husufi ya taɓa ta.

"Kai, mai rabin baki! Ka tsaga min jika!"

"Sauke kwanon, Masi. Rana ba ta ma san da ke ba."

Wata uku Miraj bai taɓa lemo ba, abinci ma da ƙyar. Aka haifi mace, leɓe cif.

Ranar suna, mata suka fara neman mafita. Aka ce wuƙar ce ba kaifi. Fazal ya ce a ba shi gemu ya gwada kaifinta. Masi Hajran ta gyara mayafi.

"Ai jininsu ne husufi ba ya kamawa."

"Madalla," in ji Miraj. "To ni me ya tsaga ni?"

Can wata ta ce, "Ikon Allah ne."

"Shekara hamsin da takwas! Sai yau kuka tuna da shi?"

Inayat aka sa wa yarinyar. Da yamma Miraj ya tafi kabarin uwarsa shi kaɗai, ya daɗe, ya dawo idanu jawur, wai ƙura ce.

Sanyin bana ya ɗauke mana Miraj. A wurin ta'aziyya Masi Hajran ta fi kowa kuka, tana cewa ita tun farko ta san ƙazafi aka yi wa Inayat Bibi. Har gobe ana kulle wuƙaƙe in an ce husufi, amma ba a ƙara haɗawa da sunan uwarsa ba, kuma abin da yake nema ke nan. Lemon yana nan a rumfar, ya bushe. Fazal ya hana a yar.