Kabewar da Inna ba ta zaɓa ba

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Greensboro, wasu sun wuce kamar ba a yi su ba. Amma ranar da na kai mahaifiyata gonar kabewa, ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina.

Inna ta zo ne lokacin da na haifi 'yata ta uku, ta yi wata uku tare da mu. A lokacin muna zaune a gidan haya, hawa na biyu, a bayan titin Wendover, inda ban da ƙarar motoci ba abin da ake ji. Matar da a gida ba ta zama tun asuba, sai ga ta ta wuni a kan kujera da carbi a hannu. Murhun lantarki yana ba ta tsoro, wanki kuwa inji ke yi. Jikokinta biyu manya, in ta yi musu magana da Hausa sai su amsa da Turanci, ta bi bakinsu da kallo tana murmushi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni kuwa ina ganin hutu nake ba ta.

Ana saura mako guda ta koma, sai ta ce da ni, “Ke 'yar nan, kafin in tafi ina so in yi muku miyar taushe. Ki kira matan nan da suka yi ta zuwa barka, su ci daga hannuna.” Haka take kirana, don ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana. Daddawarta da ta zo da ita tana nan, alayyafo da attarugu da man ja kuwa akwai su a shagunan titin Gate City. Kabewa ce kaɗai ta rage. Watan Oktoba ne, maigidana ya ce akwai wata 'yar gona a wajen gari da ake buɗe wa mutane su shiga su zaɓa da kansu, in kai Inna ranar Asabar, yara ma su sha iska.

Mun isa da hantsi. Ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya, ga ɗan sanyi mai daɗi. Fili guda cike da kabewa jajaye manya-manya, tarakta tana jan wani akori da aka shimfiɗa wa ciyawa, yara a kai suna ta ihu. Iyaye sun yi wa 'ya'yansu kwalliya suna ɗaukar su hoto. Inna ta fito daga mota, ta karɓi jaririyar ta goya da zane, ta tsaya tana shaƙar ƙamshin ƙasa. Tun zuwanta ban ga fuskarta ta sake irin haka ba.

“Duk wannan wa zai cinye?” in ji ta.

Na ce mata yawanci ba ci ake yi ba, fafe ta suke yi a yanka mata ido da baki a ajiye a ƙofar gida. Ta dube ni ta ga ko wasa nake. “Abincin ake yi wa ido da baki? To Allah ya kyauta. Mu je mu nemo wadda ba ta da niyyar kallon mutane.”

A kasuwar garinmu ba a sayen kabewa da ido. Sai an ɗaga an ji nauyinta, an ƙwanƙwasa an saurara, sannan a sa farce a ɗan karce ɓawon a ga launin cikin. Inna a gona ta tashi, haka ta sani, haka kuma ta shiga yi. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa ta farko, ta karce, ta girgiza kai. “Ruwa ce.” Ta biyu ma haka. A ta uku ta ɗaga murya tana kirana, “Zo ki ji, kamar ganga. Wannan ƙatuwar banza ce, ba nama a cikinta.”

Wata mata da ke gefe ta sauke wayarta tana kallonmu. Ban san abin da ke ranta ba, wataƙila goyon ne ma ya burge ta. Amma ni sai na ji duk filin mu ake kallo. Ina cikin haka na hango mai gonar, wani dattijon Bature da hular hana sallah, ya nufo mu. Na matsa kusa da Inna na ce, “Don Allah Inna ki bari. Nan fa ba kasuwar ƙauye ba ce, kina ɓata wa mutane kaya.”

Ta janye hannunta a hankali, ta goge farcen a gefen zanenta.

Dattijon ya iso yana fara'a. Abin da ya ce shi ne, ya lura baiwar Allahn nan kabewar ci take nema, waɗannan na fili na ado ne, masu daɗin miya suna can gefen rumfa, in muna so ya kai ta ta zaɓa. Na ji shi sarai. Amma kunya ta riga ta rufe ni, babu abin da nake so sai mu bar wurin. Na yi masa godiya na ce waɗannan ma sun ishe mu. A raina na ce kabewa ai kabewa ce.

“Me ya ce?” Inna ta tambaye ni.

Na ce, “Cewa ya yi a daina taɓawa.”

Har yau in na tuna yadda wannan ƙaryar ta fito daga bakina ba tare da nauyi ba, sai in yi istigfari. Inna ta ɗan rusuna wa mutumin, ta ce in ba shi haƙuri, baƙuwa ce, ba ta san ƙa'idar wurin ba. Shi kuma ya ɗaga mata hula, bai san me ake ciki ba. Na ɗora ukun da ta karce a baro, na biya, na tura zuwa mota. Yara suka hau tarakta, na yi musu hotuna. Ita tana zaune a kan wani benci da jaririya, hannayenta a kan cinya.

Washegari Lahadi ta shiga kicin tun da safe, ni na kunna mata murhun. Da ta fasa kabewar, ciki duk zare-zare ne da rami. Ta fere, ta yanka, ta zuba a ruwan nama. Maimakon ta narke ta kama jikinta, sai ta saki ruwa. Inna ta ƙara gyaɗa, ta ƙara daddawa, ta rage wuta, tana juyawa tana ɗanɗanawa a tafin hannu. Ina tsaye a bayanta ina kwashe tuwon shinkafa, sau biyu na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai in ji an buga ƙofa ko jaririya ta motsa, in ce bari sai anjima.

Bayan azahar mata suka cika falo. A cikinsu akwai wata Hajiya da ta fi kowa daɗewa a garin, mace mai barkwanci wadda ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta kai loma biyu, ta ɗaga kai.

“Hannun mai miyar nan ya iya, amma kabewar ta ci amanarta. Wa ya sayo? Ai wannan ta ƙofar gida ce. Ta ci tana da dogon wuya kamar gora, ko kuma 'yar guntuwar nan koriya mai muni. Maman yara, shekara nawa kike a garin nan ba ki sani ba?”

Ina riƙe da tire, ban kai ga amsawa ba, Inna ta ce, “Ni na zaɓa, Hajiya. Idon ne ya tsufa.”

Aka yi dariya. Hajiya ta ce, “To Mama an yafe miki, ke baƙuwa ce, mu ma da muka zo mun sha dafa abin ado.” Wata ta ce ai ko a haka ta fi wadda take yi. Aka ci, aka sa albarka, amma kwanuka sun dawo da saura. Matar da a unguwarmu in ana suna ita ake roƙo ta ɗora tukunyar taushe, ita ce ta zauna ana yi mata uzuri a kan kabewa. Ni kuma na juya na shige kicin da tirena.

Ranar Talata muka raka ta filin jirgi. A mota na yi niyyar magana, yara suna hayaniya. A wurin sallama ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka, ta ce in riƙa shan kunun kanwa saboda nono, in gaishe da Hajiyar nan mai ban dariya. Na ga ba lokacin tayar da zancen kabewa ba ne. A waya ma haka, kullum sai in ga maganar ta yi ƙanƙanta a ce an kira don ita, kuma ta yi girma a ce an saka ta tsakanin gaisuwa. Na bar ta sai ta sake zuwa. Kafin shekara ta zagayo, ta yi jinyar kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan ta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ta tafi tana zaton ta yi abin kunya a gonar mutane har mai gona ya tsawata mata.

Yanzu na san kabewar ƙasar nan kala-kala. Na san mai dogon wuyan ta fi narkewa, koriyar ta fi gari da zaƙi, in aka haɗa su miyar har ta fi ta gida kauri. Mata suna yaba taushena. Ba na jin daɗin yabon yadda suke zato.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutanen da na ji kunyarsu ko fuskar ɗaya ba zan iya tunawa ba, su ma na tabbata kafin su isa gida sun manta da mu. Wadda na ƙasƙantar dominsu kuwa ita kaɗai gare ni, babu wata. Duk mai iyaye a raye, in sun zo inda ba su jin harshen mutane, to bakinsa amana ce, ya isar musu da abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. In kuma ya saɓa musu, kada ya jira lokacin da ya dace kafin ya nemi yafiyarsu. Ni na jira.