Rariyar Dalhatu

Dalhatu ɗan Katanga ne, amma a Jiga Birni ya girma, hannun kawunsa Ya'ƙub manomin albasa. Tun yana ƙarami ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Ko allon shago ya gani da harafi a karkace sai ya tsaya ya yi wa mai shagon bayani, ba ruwansa da ko an tambaye shi.

Bayan an yanke Jihar Kebbi ya samu aikin buga tafireta a Jega, da kwamfuta ta iso kuma ya koyi rubuta mata umarni. Wutar lantarki a lokacin leƙowa take yi ta koma. Mutum ya kwana uku yana rubutu, ranar gwaji na'urar ta cije saboda ɗigo ɗaya. Wannan ya sa Dalhatu ya ƙera ɗan shirinsa na kwamfuta da ya kira Rariya. Tana bin rubutun umarni layi-layi tun ba a tayar da shi ba, ta nuna inda aka buɗe ba a rufe ba. Daga baya ya yi mata ƙanwa, Tsintsiya, mai share duk layin da Rariya ta tuhuma, don aiki ya haɗu kafin a ɗauke wuta. Yadda yake alfahari da su, sai ka ce shi ya haife su.

Wata shekara aka ce za a raba wa manoman rani injin ban ruwa, aka ba ofishinsu aikin tsara sunayen Jega, Aliero da Maiyama. Kawu Ya'ƙub ya kai shekara arba'in yana jan jigo, bayansa ya riga ya ƙi. In bai samu inji ba, lambun ya fi ƙarfinsa. Dalhatu da hannunsa ya shigar da sunan cikin rubutun, ya ce masa ya kwantar da hankali.

To, a wurin kwamfuta ɗan waƙafin nan na sama tagwaye ne, ɗaya ya buɗe magana, ɗaya ya rufe. A sunayenmu kuwa alhamza ce, ita kaɗai take tafiya. Rariya ta ga an buɗe ba a rufe ba, Tsintsiya ta share. Ya'ƙub, Sa'idu, Ya'u, Isma'ila, mutum sittin da ɗaya suka fita, na'urar kuma ta ce babu kuskure ko ɗaya. Dalhatu ya yarda da ita, bai ƙirga ba.

Sai ranar rabo ya gane, bayan an buga hatimi a Birnin Kebbi. Sau huɗu yana zuwa can da bayani a rubuce. Wani ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, wani ya ce ai kwamfuta ba ta ƙarya. Injinan dai an riga an kwashe. Gyaran kuskuren Rariya bai ci masa minti biyar ba, wannan ne ya fi ci masa rai, don gyaran bai dawo da kowa ba.

Ya je Jiga Birni kunya kamar ta kashe shi. Ya tarar da kawun zaune a bakin lambu, ƙasa ta bushe, an kwance jigon an jingine.

"Kawu, laihina na," in ji Dalhatu. "Alhamzar sunanka ta kwamfutar ta ƙi."

Tsohon ya jima yana murza ƙasa a tafinsa.

"Sunan da anka raɗa min na, Dalhatu. Ban san yana da aibi ba." Ya dubi lambun. "Bana kam ta wuce, na ba maƙwabcina Ummaru aron wurin. Baɗi in da rai, ka rubuta ni da sunan da kwamfutar ka so. Ko Audu na, ni amsa."