Munkaila, Mai Tsaron Injin Ruwa

Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 27 ga Agusta 1974, ina sauke kaya a tashar Birnin Konni labarin rasuwarka ya iske ni, Munkaila. Na zauna a matakalar mota na daɗe ban motsa ba. Ko kuka bai zo mini ba. Mun binne mutane da yawa cikin shekarun nan na fari, har jiki ya gaji.

Ni ne direban da ke kai maka gazuwal, wato man dizal, tun da aka girka injin ɗebo ruwa a ƙauyenku, kusa da Tajaye. Da rijiyoyi suka ƙafe, injin nan kaɗai ya rage wa mutanen gari da makiyayan da suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobinsu. An yi shi don aikin safe da yamma, sai ga shi yana yini yana ruri.

Daga nan notunan da suka riƙe shi a kan dandamalin siminti suka fara kwancewa. Ka ɗaure yau, gobe su saki. Wata rana injin ya goce, bel ya tsinke, ruwa ya tsaya. Na iso na tarar da mata zaune jikin tulunansu, samari kuma riƙe da sanduna. Magana ta bazu cewa baƙin makiyayan ne ke kwance notunan, kuma an yanke a kore su daga bakin ruwa. Kowa ya san wanda aka kora a watan nan ba zai kai wata rijiya da rai ba.

Ka je gaban maigari hannunka duk baƙin mai, ka ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa azahar. In hannun mutum na, ni da kaina ni ka raka su."

Ka gyara bel, ka ɗaure notunan a gaban jama'a, ka ja layi da ƙusa daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, sannan ka tada inji. Dattawa suka zauna suna tsaro, ba wanda ya matso. Kafin kiran salla layin ya rabu biyu. Notin ya juya da kansa.

Ka bayyana musu a hankali, kamar yadda ka saba. Girgizar inji ce ke tura shi kaɗan-kaɗan. Ƙarfe in ya yi zafi ya buɗe, in ya huce ya tsuke, sai riƙon ya ragu. Simintin ƙasa ma ya fara marmashewa, ya bar wa ƙarfen wurin rawa. Samari suka ajiye sanduna. Ba a kori kowa ba.

Bayan haka ka ɗora wa kowane noti na biyu don ya danne na farko, ka yanko washa, zoben da ake sa wa ƙarƙashin noti, daga tsohon ƙarfen motata. Duk da haka sufanar ɗaure noti ba ta bar hannunka ba, don injin ya tsufa kafin lokacinsa. Kai ma haka. Hayaƙi ya kama maka ƙirji. Na roƙe ka ka biyo ni asibiti, ka ce, "Badaru, bari ruwa shi sauka tukuna."

Ruwa ya sauka, tafkuna suka cika, aka kashe inji. Sai lokacin ka yarda ka kwanta, kuma ba ka ƙara tashi ba. Matarka Tsahara ta ce har ranar ƙarshe kana tambaya ko gero ya fidda kai. Ya fidda, Munkaila. Gonarka ta yi kyau. Mu za mu girbe wa yaranka.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina yi wa mahaifiyarka Inna A'i ta'aziyya, da Tsahara, da 'ya'yanku, da dukan mutanen gari. Allah ya ba ku haƙuri, ya zama gatan marayu. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan.

Badaru Chindo, Birnin Konni