Fatar Malalaciya

Yayana ba ya shafa turare, ba ya wanke hannu da sabulu mai ƙamshi. Wai kifayensa ba sa so. Inna kan ce masa, "Kai, ni na haife ka ko kifi?"

Aikinsa kula da tankin kifi a wani ɗakin gwaji. Injiniyoyin wurin suna son ƙera wata fata mai aiki da lantarki da za a manna a jikin jirgin ruwa, ruwa ya riƙa sulɓewa ba ya riƙe jirgin. Shi ya sa suke nazarin yadda kifi ke ratsa ruwa. Yaya kuwa nasa ciyarwa, sauya ruwa da goge gilashi.

Akwai wata babbar kifanya da ya raina tun tana kamar ɗan yatsa. Malalaciya yake ce mata, don sai ta ga dama take motsi. Amma da ya tsoma hannu sai ta zo ta goga jikinta a tafinsa. Wani ya tsoma, ko kallo bai ishe ta ba.

To, bakin Yaya ba ya riƙe magana, halinsa ne. Rannan don alfahari ya ce wa babbar injiniyar, "Ranki ya daɗe, in aka ƙara ƙarfin ruwa, fatar Malalaciya har rawa take yi a hannuna." Matar ta yi ta murna, ta ce dole a ga abin da ke ƙarƙashin fatar. Kyamara ba ta nunawa, sai an yanka. Kuma shi kaɗai zai iya kamo ta ba tare da ta ƙuje jikinta ba.

Ya roƙa a ƙyale ta, suka ba shi haƙuri. Wallahi da ni ce da na ajiye musu aikinsu, amma shi mai iyali ne. Ya tsoma hannu. Ta zo.

Fatar lantarkin ta yi aiki, har aka tafa masa. Aka kwashe sauran kifayen, aka shimfiɗa sabuwar fatar a gindin tankin, baƙa, cike da siraran wayoyi. Ranar da na kai masa abinci, na same shi ya ɗora tafinsa a kanta.

"Taɓa ki ji," ya ce. "Rawar tata ce sak."

Na ƙi. Tausayinsa ya kama ni.

"Sai dai wannan ba ta zuwa," ya ce.

Da ya dawo gida, ya ce in miƙo masa sabulun Inna mai ƙamshi.